Oba-Obar Kwarin Maje

Kwarin Maje, kusa da Barkiya
Ranar Talata

Zuwa ga matata Na'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki? Kumburin ƙafar ya sauka? Ki gaishe mini da Malam da Inna, ki ce ina neman addu'a. Mu nan lafiya muke. Gwaggo Yahanasu tana gaishe ki, ta ce ki rage gishiri ko da Inna ba ta hana ki ba.

Saƙonki ya iso ta bakin direban Katsina, wai tun da na kai ki gida haihuwa na manta da ke. Maganar nan ta sosa mini rai. Da me zan kira ki? Tun da aka katse layukan waya a yankin nan, wayata ta koma tocila. Ku da ke cikin Katsina kuna da sabis, sai ku ɗauka kowa haka yake. Shi ya sa na koma takarda da biro kamar ɗan firamare. Ki yi haƙuri da rubutun, da ɓacin rai nake yin sa.

Ki ji abin da ya same ni. Ran Alhamis na kwaso madara daga rugagen bayan Barkiya zan kai wa masu yogot a Dutsin-Ma. Ina shiga kwarin nan na gaban tsamiya, mota ta nutse a laka har bakin ƙofa. Tun hantsi nake wurin har la'asar. Abin takaicin, abokin aikina Badaru ya wuce da tasa akori-kurar ta hanyar tudu, sarƙar ja tana bayan motarsa, ina jin ƙarar injinsa da kunnena. Na danna hon har batir ya nemi mutuwa, iska ta kwashe. Kafin masu shanun huɗa su jawo ni, madara ta tsinke gaba ɗaya. Matan da suka tatsa tun asuba, da wane ido zan kalle su? Haka na koma rugar na tsaya ina kame-kame.

Ranar na ce wa Badaru ba zan ƙara shiga dajin nan kamar kurma ba. Muka yanke shawarar sayen oba-oba, wayar nan ta iska da ba ruwanta da sabis, ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara.

Da farko wani mai talla a kasuwar Dutsin-Ma ya cuce ni. Ya sayar mini da wasu 'yan ƙanana guda biyu, kwalinsu da hoton duwatsu, yana rantsuwa wai daga nan har Kurfi za a ji ni. Da muka gwada, Badaru bai wuce kukar bakin gari ba muryarsa ta koma shuuu kamar ana suyar ƙosai. Na koma kasuwa neman mutumin, ko ƙurarsa ban gani ba. Allah ne ya taimake shi.

Sai aka nuna mini shagon Abdullatif, mai gyaran rediyo da sola a bayan tasha. Shi bai yi mini rantsuwa ba, tambaya ya yi ta jero mini: wace hanya muke bi, akwai duwatsu, akwai kwari, mota nawa ce. Ya ce 'yan ƙananan nan na masu gadi ne da masu hidimar biki, ba na daji ba. Ya ce oba-oba iri biyu ce, akwai wadda ta fi ratsa gine-gine cikin gari, akwai wadda ta fi cin nisa a fili, tamu ke nan. Ta hannu kuwa, komai kyanta, in kana zaune cikin mota ƙarfen motar yana danne ta. Wadda ta dace da mu ita ce wadda ake ɗaurawa a mota, ta sha wuta daga batir, eriyarta tana waje a kan rufi. Bai ɓoye mini ba cewa babban dutse ko kwari mai zurfi suna iya yanke magana. Wannan gaskiyar ce ta sa na amince da shi.

Mun ɗauki uku, ɗaya a motata, ɗaya a ta Badaru, ɗaya a girke a gida. Abdullatif ɗin zai bi mana takardar izini. Ni kuma na riga na je ofishin 'yan sanda na sanar, na sanar da Mai unguwa. Ba na son a ce na yi wani abu a ɓoye.

Ki ci abinci, ki daina sauraron masu cewa na manta da ke. Ko da rana ɗaya ban manta ba.

Naki,
Zaharaddin

Kwarin Maje
Ranar Lahadi

Na'ima tawa,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Yaya jiki, yaya Malam da karatu, yaya Inna da hidima? Amsarki ta zo, na karanta na sake karantawa a cikin mota ina jiran lodi. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi.

An ɗaura oba-obar. Abdullatif ya zo har gida da kayan aikinsa, muka wuni a kai. Saura kaɗan mu ɓata da Badaru. Kin san shi da motarsa, ya fi son ta da rigar jikinsa. Ya ce ba mai huda masa rufi, a ba shi eriya mai maganaɗisu wadda ake ɗorawa kawai. Aka ba shi. Fitarsa ta farko reshen gawo ya share ta, ya yi ta lalube cikin ciyawa yana zage-zage. Washegari da kansa ya miƙa wa Abdullatif motar ya kau da kai. Yanzu duka biyun a tsakiyar rufi suke, an ɗaure su da noti, da sifirin a gindi, in reshe ya taɓa su su lanƙwasa su miƙe.

Wutar daga kan batir aka jawo ta kai tsaye, da fis a tsakani. Da farko wayar eriya ta bi kusa da inji, in na taka mota sai ka ji wani kuka yana tashi tare da totur, aka sake mata hanya ta gefen ƙofa. Na sa an ɗaga akwatin sama kusa da sitiyari, don kin san yadda ruwa ke shigo mana in muna ƙetare rafi.

Ta gida ce ta fi ba mu wahala, don garin nan a rami yake. Sai da muka haɗa bututun ƙarfe masu tsawo muka kafa a jikin rumbu, muka ɗaure da waya ta kowane ɓangare, eriya a can ƙoli. Sola da batir suna ɗakin Gwaggo. Mun tsayar da tasha ɗaya da za mu riƙa zama a kai, da wata ta ajiya in wasu suka shigo mana. Dokarmu kuma, duk wanda ya wuce tsamiya ko kwari ko mararrabar Kurfi sai ya faɗi inda yake.

Da kina nan da kin sha dariya. Muna ta shawarar wanda zai zauna da ta gida, Gwaggo ta jawo tabarmarta ta ce ita da ba ta zuwa ko'ina, mi ya hana ta. Na koya mata dannawa da saki, ta riƙe nan take. Yanzu ina cikin daji sai in ji, “Dini, kana jina? Ka biya Kurfi ka sawo mani daddawa, ta wancan makon ba ta da ƙamshi, oba.” Ta ɗauki oba kamar amin, ko tari ta yi sai ta faɗe ta. Jiya ta ji ƙarar injin Badaru ta cikin maganarsa, ta ce ya rage gudu, ba shi kaɗai uwarsa ta haifa don hanya ba.

Kuma abin ya yi amfani. Maciji ya sari wani manomi, aka rugo wurin Gwaggo, ta kira, Badaru ya juyo daga hanyar Kuki ya kai shi asibiti. Yana nan da ransa. Mutane har sun fara layi a zaurenmu, wannan a faɗa wa direba ya taho masa da taki, wancan da magani.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a wuya. Shekaranjiya a wurin mai shayi, Sabitu shugaban 'yan sintiri ya kalli eriyar motata ya ce, “Irin wannan a hannun mutanen daji muka saba ganinta.” Aka yi dariya, ni ban yi ba. Sabitu fa, wanda muka yi kiwon awaki tare, wanda Gwaggo ta sha zuba wa tuwo a kwano ɗaya da ni. Na ce masa ƙofarmu a buɗe take, ya zo ya zauna kusa da Gwaggo ya ji duk abin da muke faɗa, in ya ga dama ya wuni. Ya ce wasa yake yi. Bai zo ba. Wasan da ake yi da irin wannan magana a wannan zamani ba wasa ba ne, kuma ya sani.

Ki kula mini da kanki. In lokaci ya yi, a aiko ta hannun direban nan, ya san inda nake sauke madara.

Mijinki,
Zaharaddin

Kwarin Maje
Ranar Asabar

Na'ima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida su Malam. Ina fata kina lafiya. Na so in ɓoye miki wannan saboda halin da kike ciki, amma gara ki ji daga hannuna kafin ki ji a bakin fasinjoji.

An kira mijinki infoma. A bainar jama'a, a ƙofar gidan Mai unguwa.

Ga yadda aka yi. Ran Laraba Badaru yana gabana. Ya kira ni ya ce ruwan daren jiya ya cika kwarin tsamiya, shi da ƙyar ya fita, in bi ta tudu. A mararraba na tarar da Talha, ƙanin Sabitu, da amalanken shanunsa zai bi ta kwarin. Na tsaya na faɗa masa ruwa ya cika, Badaru bai ma gama maganar a oba-oba ba. Ya ce shanu ba mota ba ne, za su ƙetare. Na wuce. Ashe ɓarayin daji suna laɓe a bakin kwarin. Suka kwance shanun, da ya yi gardama suka sare shi a kafaɗa.

Wa ya ɗauko shi? Ni. Gwaggo ce ta kira ni da labari ya iso gari, na zubar da lodina a gefen hanya na juyo. A cinyata ya kwantar da kai har Dutsin-Ma. Jininsa yana nan a kujerar motata, na wanke bai fita ba.

Washegari aka tara mutane. Sabitu ya miƙe ya ce a tambaye ni yadda aka yi na san in kauce wa hanyar da na saba bi kullum, a daidai ranar da ɓarayi suke kanta. Ya ce an ga ina magana da ƙarfe a mararraba kafin in juya. Ya ce kullum ina rugage, ina cin abinci da Fulani, wa ya san abin da nake kai musu. Mutanen da yake nufi, Na'ima, su ma an kore musu shanu bara, har yau ba su farfaɗo ba. Matan da ke ba ni madara su ne ke aiko miki da man shanu.

Na fito da takardar izini, ya ce takarda ba ta nuna abin da ke zuciya. Badaru ya rantse shi ya kira ni kuma maganar ruwa ce, aka ce ai abokin cin mushe ba ya shaida. Gwaggo ta yafa mayafi ta fito har tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce duk kalmar da muka faɗa a kunnenta aka faɗe ta. Wani daga baya ya ce uwa ba ta tona ɗanta. Talha da zai raba gardama yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba. Liman Malam Hashim ya ce a jira ya farfaɗo, zato zunubi ne, hayaniya ta danne muryarsa.

Ba maganar Sabitu ce ta fi ƙona ni ba. Shi ƙaninsa aka sara, idonsa ya rufe. Shirun sauran ne. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda na kai matarsa asibiti tana naƙuda, ga wanda na ɗauko gawar mahaifinsa daga Kurfi, ga mutumin da maciji ya sara yana tsaye da ƙafarsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa.

Mai unguwa ya ce don a zauna lafiya a cire na'urorin a ajiye a gidansa har ƙura ta lafa. Na ce to a bari in kira Abdullatif ya kwance su yadda ya kamata. Ba su jira ba. Da wuƙa suka yanke wayoyin, suka fizge akwatunan, suka kayar da bututun har ya fasa bakin rumbu. Gwaggo ta riƙe abin maganar a ƙirjinta, sai da wani sa'an ɗan cikinta ya ɓamɓare yatsunta. Ina tsaye ina kallo, an riƙe ni ta baya. Ban taɓa sanin zuciya tana iya tafasa haka mutum bai mutu ba.

Kin san abin da sunan nan yake jawowa. An rasa rayuka a kansa a garuruwan da ke kusa da mu. Yanzu in na shigo gari yara suna daina wasa. Kada ki faɗa wa Inna, hawan jininta ya ishe ta. Ki faɗa wa Malam shi kaɗai, ya sa ni a addu'a. Gobe zan fita aiki kamar kullum, don in na zauna a gida za su ce tsoro ne ya kama mai laifi.

Ki yafe mini da na ɗora miki wannan.

Zaharaddin

Dutsin-Ma, a asibiti
Ranar Alhamis

Zuwa ga Na'ima, uwar ɗiyata,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Direba ya kawo mini albishir, na yi sujada a bakin tasha mutane suna kallo. Allah ya raya mana ita, ya ba ki lafiyar shayarwa. Yaya jikin naki? An ce ta yi kama da ni, Allah ya sa ba a hanci ba. Ki yi wa Inna sannu da ɗawainiya.

Na san kin zuba ido ba ki gan ni ba. Ga dalili. Gwaggo ce a kwance.

Ran Litinin da hantsi tana shanya kuɓewa a tsakar gida ta yanke jiki ta faɗi. Mardiya maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta gan ta, baki ya karkace. Ta fita tana neman taimako. Badaru yana Kuki. Ni kuwa ina rugar bayan tudu, wurin da in Gwaggo ta yi magana nake jin ta tamkar tana kujerar gefena. Da abin nan yana nan, da kafin a shimfiɗa mata tabarma na iso.

An ce wasu sun ruga gidan Mai unguwa a ɗauko oba-obar. Aka zazzage buhu, ga akwatuna ga guntayen waya, ba eriya ba batir. Suka tsaya suna kallon aikin hannunsu. Daga nan aka ɗora ta a amalanken shanu, cikin rana, a hanyar nan da kika sani. Sai bayan la'asar na ci karo da su ina dawowa, ban san komai ba, har ina yi musu hon su ba ni hanya. Da na ga zanenta ne na gane.

Likita ya tambaye ni tun yaushe ta faɗi. Da na faɗa masa, sai ya ci gaba da rubutu. Daga baya ya ce hawan jini ne ya buge ta, kuma irin wannan ciwo da gaggawa ake tsere masa. Ɓarin damanta ya shanye. Magana ta ɗauke. Matar da ta goye ni tun rasuwar mahaifiyata, wadda bakinta ba ya hutawa, yanzu sai dai ta bi ni da ido. In na ba ta kunu rabi yana zubowa.

Na san Malam zai ce ƙaddara ce, kuma na yi imani da ƙaddara. Amma wuƙar da ta yanke wayar nan a hannun mutum take, kuma na san sunansa. Ba zan ɓoye miki ba, ran Talata na ɗauki sifanar taya na nufi mota zan koma gari wurin Sabitu. Badaru ne ya zare makullin ya jefa a aljihu, ya zauna a kan bonet ya ce sai dai in fara da shi. Ya ce in tuna ina da jaririyar da ban ko gani ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da rabona da shi tun ina yaro.

Wasu daga gari sun zo dubiya da 'yan ledojinsu na lemo. Na amsa sallama don wajibi ce, ban ƙara ko kalma ba.

Ba na jin zan samu zuwa suna. Na wakilta Malam, ya zaɓa mata sunan da ya ga ya dace, ya yi huɗuba. Badaru zai kawo rago. Kuma ki fara sa wa ranki cewa ba Kwarin Maje za ki dawo ba. In Gwaggo ta samu sauƙi zan nemi ɗaki a nan Dutsin-Ma. Garin da zai kalli mutum a kira shi infoma ya yi shiru, ba zan rena ɗiyata a cikinsa ba.

Ki shafa mini kanta.

Naki,
Zaharaddin

Kwarin Maje
Ranar Litinin

Na'ima, Maman Hamdiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da jego, ina gaida Hamdiyya. Sunan ya yi mini daɗi, ki yi wa Malam godiya. Yaya ruwan zafi? Yaya Inna? Na ji wa'azin da Malam ya aiko a cikin takardarki, na karɓa da hannu biyu, ko da yake ban iya aiki da shi duka ba.

Kin ga daga inda nake rubutu. An sallamo Gwaggo. Na faɗa mata maganar ɗaki a Dutsin-Ma, ta kafe ni da ido ta yi ta girgiza kai har sai da na ce na fasa. Matan ruga kuma sun aiko har asibiti, wai in na tafi wa zai shiga musu da mota. Haka na dawo, ba don raina ya so ba.

Talha ya farfaɗo. Da ya ji abin da aka yi, tun daga gadon asibiti ya fara faɗa wa duk wanda ya zo cewa na tsayar da shi a mararraba, kuma da kunnensa ya ji muryar Badaru tana maganar ruwa. Da labari ya game gari, Mai unguwa ya aiko mini da buhun nan ta hannun ɗan aike, a yammaci, wai a bar kaza cikin gashinta. Na ce ya mayar. A gaban jama'a aka karɓa, a gaban jama'a za a dawo da shi. Aka yi ta zarya ana ba ni baki, wai ina ɗaukar abu da zafi. Na ce su je ɗakin Gwaggo su faɗa mata haka.

Ran Juma'a bayan an sallame, Malam Hashim ya ce kowa ya zauna. Talha ya miƙe da hannunsa a rataye ya maimaita abin da ya sani. Liman ya yi magana a kan ƙazafi har wasu suka kasa ɗaga kai. Mai unguwa ya miƙo mini buhun da hannunsa, ya ce an yi kuskure, in yi haƙuri. Aka juya ana kallon Sabitu. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ɗauki takalmansa ya fita.

Abdullatif ya sake zuwa. Wayoyin duk sai da aka canza, don wayar eriya in an yanke ta ba a ɗaure ta kamar igiyar guga. Mun sake kafa bututun. Waɗanda suka kayar da shi har da su a masu riƙe igiya, ban ce su zo ba, ban ce su tafi ba. Mardiya ce ke amsa kira yanzu, a ɗakin Gwaggo, tana yi tana ba ta abinci. Gwaggo ta fara zama in an jingina ta da filo. Magana dai shiru.

Yanzu kowa gaisuwa yake yi mini har da rusunawa, Malam Zaharaddin an wuni lafiya. Wallahi ta fi zagin ciwo.

Jiya wani abu ya faru da nake son ki sani. Ina dawowa daga Kurfi, ruwan ƙarshen damina ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A mararraba na hango mutum tsaye, ba laima, ya rungume wata leda a ƙirji kada ta jiƙe. Ya ɗaga hannu. Da na matso ya gane motar, sai ya sauke hannun a hankali. Sabitu ne. Ledar ta kantin magani ce, na san na Talha ne.

Na wuce shi. Ban rage gudu ba, ban kuma ji kunyar wucewa ba. Na tuna yatsun Gwaggo, na ƙara taka mota. Na yi tafiya mai nisa ina faɗa da shi a zuciyata, ina jera masa duk maganar da bai tsaya ya ji ba. Amma kin san wurin nan, daga ni sai Badaru, ba wata motar da za ta bi kafin gobe, kuma ba wurin da mutum zai kai magariba a tsaye ba ne.

Na ɗauki abin magana na kira Badaru, yana bayana da lodin dawa. Na ce akwai mutum a mararraba, ya ɗauko shi. Ya ce wane ne. Na ce in ya iso zai gani. Ya ce, “Na ji.”

Da muka haɗu a gida ya ce ya buɗe masa ƙofar gaba, Sabitu ya ƙi shiga. Ya tambaya ko ni na turo shi, Badaru ya ce e. Sai ya hau baya ya zauna a kan buhuna, ruwa yana dukansa har gari.

Kada ki faɗa wa Malam na yafe, don ban yafe ba tukuna. Ba zan iya zama da shi a mota ɗaya ba, ban san ranar da zan iya ba. Abin da na iya ke nan.

Ran Lahadi in Allah ya kai mu ina tafe in ga ɗiyata. Ki ce wa Inna kada ta wahalar da kanta da girki, amma in akwai dambu ba zan ƙi ba. Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Zaharaddin